Fitilar da Malam Sabo Ya Kafa a Bakin Gona

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da abokin tafiyata mai ɗaukar hoto, kowa da akwatin fitilu a ka kamar masu kai lefe. Ɗambatta muka nufa, daga can kuma mu shiga wani ƙauye da ke gabas da garin. Amma kafin labarin hanya, bari in gaya wa waɗanda ba su san sana'ata ba abin da ya fitar da ni da wannan sanyin safiya.

Ni mai haɗa fitilun dandamali ne a Kano. Biki, taron makaranta, wasan mawaƙa, duk inda ake son haske ya sauka a kan mutum yadda ya dace, to ana nemana. Mu masu wannan aiki muna da gurup a waya, inda kowa yake turo hoton aikinsa a duba masa. Ba ma tausayin juna ko kaɗan, kuma ni ne uban masu baki a ciki, ba sai an faɗa min ba.

Sati biyu kafin tafiyar nan wani Malam Sabo, mai gyaran rediyo da sola a wancan ƙauye, ya turo hoton wasan kwaikwayon da ƙungiyar garinsu ta yi. Jama'a, ban taɓa ganin irinsa ba. Dandamalin yana cikin wani haske rawaya dishi-dishi, 'yan wasan duk kamar masu ciwon shawara. Fitila ɗaya tal mai farin haske da ƙarfi kuwa tana can nesa a kan sanda, a bakin gona, tana haska fili babu kowa. Na zagaye ta da jan layi na rubuta: "Wannan ta mutane ce ko ta aljanu?" Aka yi ta dariya. Shi kuwa abin da ya rubuto kawai shi ne, "Na gode, Allah ya ƙara ilimi."

Ashe wani ya tura maganata har wayar shugaban ƙungiyar tasu. Sai ga kiransa: suna da babban wasa, an gayyato ƙauyukan maƙwabta, ba sa son jin kunya, don haka sun yanke shawarar a sauke Malam Sabo, wanda shi ke haɗa musu fitila tun kafa ƙungiyar, in zo in karɓi aikin. Na amsa. Aiki ne, ba zan ƙi ba. Amma akwai abin da ya tsaya min a rai. Na sha buɗe hoton ina ƙara girmansa, na ga wayoyin a jere tsaf, ɗaurin mai hankali. To me zai sa mai irin wannan hannu ya kai fitilarsa mafi kyau bakin gona?

A tasha direban bas ya dubi akwatunanmu ya ce su ma fasinjoji ne, sai an biya musu kujera. Muka yi ta ja, daga baya aka shirya a kan su zauna a cinyarmu. Haka muka fita daga Kano, gwiwata tana kuka. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta taga. Da muka bar gine-gine a baya sai gonaki, gona manne da gona, ba ka ganin ko taku ɗaya da aka bari a banza. Gero ya kai ƙwauri, mutane sun duƙa da fartanya tun rana ba ta ɗaga ba. Na yi ta kallon itatuwan gawo tsirara babu ganye alhali komai ya yi kore, har na ce sun mutu ne. Wani dattijo a gefena ya dube ni da tausayi ya ce haka gawo yake, da damina yake zubar da ganye, shi ya sa ba ya tare wa shuka rana.

A Ɗambatta muka karya da koko da ƙosai mai zafi. Ba ranar kasuwa ba ce, amma bakin titi cike yake da masu dafaffen ƙwan zabi, kuma da na ji farashin sai da na sake tambaya, don a Kano kusan ninki muke saye. Abokin tafiyata ya ci har na fara yi masa nasiha. Daga nan muka ɗauki kurkura, keken nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, muka hau bayanta tare da akwatunanmu. Hanyar burji ce, ruwa ya cinye ta a wurare. Sau biyu muka sauka muka tura, kuma a na biyun takalmina ɗaya ya zauna a taɓo, sai da na sa hannu na roƙo shi.

Shugaban ƙungiyar, wani Alhaji mai sayar da taki, ya sauke mu a zaurensa da fura da nono mai kauri, sannan dambu da zogale. Muna cikin ci wani dogon mutum siriri ya yi sallama, tabarau ɗaure da wayar wuta a kunne ɗaya. Alhaji ya ce, "Ga Malam Sabon." Ya gaishe ni hannu biyu, ya tambayi iyali da hanya, ya sunkuya ya ɗauki akwatina ya ɗora a kansa. Na ce ya bari, ya ce ai baƙo ba ya ɗaukar kaya.

A filin makarantar firamare ake wasan. Dandamalin bencina ne aka jera aka shimfiɗa katako. Nan na ga sirrin rawayan hasken: jarkokin man girki ne ya yanke gindinsu, ya sa ƙwan fitila a ciki, ya jera su ƙasa-ƙasa. Can nesa kuma ga sandar nan a bakin gona, da wani babban daro a gindinta. Na nuna ta na ce, "Malam Sabo, waccan fa?"

Ya ce, "To, Malam, ka ga jiya an yi ruwa sosai..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ce ya kwantar da hankalinsa, wayoyina ba sa tsoron ruwa. Alhaji ya ce a cire tarkacen nan duka. Malam Sabo ya dubi Alhaji, ya dube ni, ya ce, "To, madalla." Da hannunsa ya tuge sandar, ya kwashe jarkokinsa ya jingine su a bayan aji.

Bayan sallar isha'i aka fara gwajin wasan. Na tayar da inji, na kunna fitiluna farare a saman dandamali. Kai! Wurin ya koma kamar rana tsaka. Mutane suka ɗau salati, Alhaji yana ta gyaɗa kai, abokin tafiyata yana ta ɗaukar hoto. Ni kuwa na harɗe hannu a ƙirji ina jin kaina. Wasan a kan rikicin iyakar gona ne, kuma wani dattijo mai farin gemu ne ya fito a mai unguwa.

Ba a yi nisa ba na ga wani abu yana kewaya fitila ɗaya. Sai biyu, sai goma. Kafin in gane me ke faruwa, shinge, ƙwarin nan masu fukafukai da ke fitowa daga suri, ya taso daga gonaki kamar hayaƙi. Ya rufe fitilun, yana zuba a kan 'yan wasa, cikin riga, cikin hula, cikin kunne. Mai unguwa ya buɗe baki zai yanke hukunci, sai tari ya sarƙe shi, ya duƙa yana tofarwa yana cewa, "Wane ɗan banzan ne ya kashe ta bakin gona?" Masu rikicin iyaka suka manta da gaba, suna kaɗe wa juna baya. Mata suka ruga gida suka dawo da kwanuka suna tara. Sai kuma ga kwaɗi sun iso cin rabonsu, har kan katakon. Gwaji ya watse, ana dariya har da masu riƙe ciki.

Ni ban yi dariya ba, kunya ce ta rufe ni. Na kashe fitilun na lalubi Malam Sabo a gindin wata darbejiya. Na tsuguna na ce, "Malam, ƙarasa min maganar da na katse maka ɗazu."

Bai nuna min komai a fuska ba. Ya ce duk ranar da aka kwana ana ruwa a farkon damina, washegari da duhu shinge yake fitowa, kuma farin haske yake bi. Shi ya sa yake kunna ta bakin gona tun magariba, ta ɓangaren da suri yake, ƙwari su taru can su faɗa ruwan daro. Sai sun samu wurin zuwa sannan ya kunna na dandamali, kuma rawaya ba ta cika jan su ba. Ya ce ba shinge kaɗai ba, akwai wani ƙwaro da in ya goga fatar mutum sai ta tashi kamar ƙuna, ya taɓa hana wani ɗan wasansu fita sati guda. Na ce to me ya hana shi faɗa a gurup? Ya ce, "Na ga ku ne masana. Na ɗauka ko akwai dabarar da ban sani ba."

Da safe na sami Alhaji a zaure, da mutanen ƙungiya a zaune. Na ce a mayar wa Malam Sabo aikinsa. Alhaji ya ce, "Amma kai ka ce bai iya ba." Na ce, "Ni na faɗa, Alhaji, kuma hoto kawai na gani. Jiya kowa ya ga wanda bai iya ba." Dattijon nan mai unguwa ya ce shi dai in za a sake kunna fararen nan a kansa, a nemi wani ya yi hukuncin. Magana ta ƙare a nan.

Yinin ranar ni ne mai miƙa wa Malam Sabo filaya. Muka mayar da sanda, muka ɗaura mata babbar fitilata, wadda na fi taƙama da ita. Shi da kansa ya ce in faɗa masa gaskiya, ban da ta aljanu, me ya rage a aikinsa? Na ce hasken yana tasowa daga ƙasa, yana sa idanun mutane su zurma. Muka samo gora biyu muka ɗaga jarka biyu daidai fuska, ya ja da baya ya duba, ya ce lallai haka ya fi. Da dare filin ya cika maƙil, baƙi har kan katangar makaranta. Aka yi wasa lafiya lau, mai unguwa ya yi hukuncinsa da baki a buɗe. Can bakin gona kuwa ƙwari sun yi dafifi suna ta faɗawa daro. A ranar na fara cin soyayyen shinge, na jiyan da mata suka tara, da gishiri da ɗan yaji. Yana da maiƙo da garɗi, na ƙara har sau biyu.

Washegari muka juyo. A cikin bas abokin tafiyata ya miƙo min kyamara ya ce in duba. Hotunan daren gwaji, kafin shinge ya iso, sun yi kyau kamar a rataye a bango. Na daren wasan kuwa, wanda aka yi lafiya kowa ya ji daɗi, ga su nan rawaya dishi-dishi, da farar fitila can gefe tana haska fili babu kowa. Da a ce wani ne ya turo min su biyun, na san wanda zan yaba.

Na isa gida bayan azahar da takalmi mai taɓo da akwati cike da fukafukan shinge. Abin da na ɗauko daga tafiyar nan shi ne, hoto yana nuna inda haske ya sauka, amma ba ya faɗin me ya sa aka kai shi can, kuma ni shekara da shekaru ina yanke hukunci ban taɓa tambayar mai aiki dalilinsa ba. Ko wanka ban yi ba na zauna na rubuta duk wannan a gurup, na sa hotunan biyu, na ba Malam Sabo haƙuri da sunansa. Aka yi ta yabo, masu dariyar ranar su ne kan gaba wajen cewa ashe gwani ne. Na jira amsarsa, shiru. Da na duba jerin 'yan gurup sai na ga babu lambarsa. Ya fita tun washegarin ranar da na yi masa ba'a, kuma a cikinmu babu wanda ya lura.

Na kira shi na ce ya dawo, mutane suna son ganin aikinsa. Ya yi godiya, ya ce yanzu noma ya sha kansa, amma zai duba. Na tura masa gayyatar. Yau kwana shida ke nan, kullum ita nake fara dubawa da safe, bai shigo ba tukuna.