Reshen Kanyar Kaka

Shekarar da labari ya iso mana cewa jirgin ƙasan Nasara yana kwasar gyaɗa daga Kano, kowa a ƙauyenmu ya kamu da zazzaɓin gyaɗa. Har wanda bai taɓa shuka ko kuɓewa ba sai ka ji yana zancen iri. Gonarmu tana gindin duwatsun Dutse, ta wajen hanyar Kiyawa, tsakanin dutse da wani ɗan kurmi na bakin fadama. Aikina shi ne tsaron ta daga birai. Ina yini a kan rumfar da Baba ya kafa, da majajjawata, da karenmu wanda ya fi ni gwanintar barci, ni kuwa ba baya ba ne.

Biran nan ƙanana ne masu baƙar fuska. A dutse suke kwana, a kurmi suke yini. Zaman rumfa ya koya mini cewa in da hali ba sa son ratsa fili, saboda karnuka. Akwai jerin itatuwa a gefen gonar, ta samansu suke bi kamar masu tafiya kasuwa. A tsakiyar jerin akwai wata tsohuwar kanya mai dogon reshe guda da ya miƙa har ya taɓa tsamiyar gaba. Wannan reshen ne gadarsu.

Cikinsu akwai wata birinya mai yagaggen kunne, da jaririnta manne a ƙirji. Ba zane, ba majanyi, shi ke riƙe gashinta da hannu da ƙafa. Kullum ita ce ta ƙarshen ƙetarewa. Sai ta tsaya a bakin reshen, ta dafa bayan ɗan da hannu ɗaya, sannan ta yi tsalle. Na sha ɗana dutse a majajjawa saboda ita, ban taɓa saki ba.

Rannan Baba ya ce inuwar kanya tana hana gyaɗa 'ya'ya, zai tara kara a gindinta ya kunna wuta. To, a wajenmu gona daban, itace daban. Gonar ta Baba ce, amma kanyar ta Kaka ce, mahaifiyarsa, gadonta ne daga ubanta, kuma ko 'ya'yanta ba a kaɗawa sai ta sani. Na sheƙa wurinta, na same ta tana kaɗi. Na ce mata in kanya ta faɗi, birai dubu za su sauko su cinye gonar, su biyo mu gida, su naɗa dagacinsu a zaurenmu.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Mijin banza, inuwar barcinka kake yi wa kuka."

Sai na ba ta labarin mai yagaggen kunne. Ta tsayar da mazari, ta tambaye ni ko ɗan ya fara cin abinci da kansa. Na ce tukuna. Da yamma ta sa aka kira Baba, ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Gona taka ce, kanya tawa ce. Ba a sa mata wuta ina raye."

Baba ya ce, "To, Inna. Amma abin da ya leƙo gonata fa?"

Nan ma al'ada ta ba shi gaskiya, mai gona yana iya rage reshen da ya yi masa inuwa. Kaka ta yarda, don ba ta taɓa hawa rumfa ta ga hanyar birai ba. Na bi Baba ina faɗa masa reshen nan ba kamar sauran ba ne. Ya tuna mini ni ne na taɓa ganin macijin da kansa ke Dutse, wutsiyarsa tana Kiyawa. Da gari ya waye ya hau da gatari, kafin azahar reshe yana ƙasa.

Washegari birai suka iso kanya suka tarar hanya ta yanke. Manyan suka yi ta surutu, daga baya suka diro suka ratsa gonar da gudu, kare ya bi su har bakin kurmi. Mai yagaggen kunne kaɗai ta rage. Ta zauna a kan kututturen reshen tana duban tsamiya, ta dubi ƙasa, ta sake duban tsamiya. Rana ta ɗaga, ba ta ci komai ba. Ban san birai suna tunani ba, amma abin da na gani a fuskarta ban san wani suna da zan ba shi ba.

Da kare ya dawo, na zare zariyar wandona na ɗaure shi a ƙafar rumfa. Na zauna riƙe da wando, ban yi ko tari ba. Can ta sauko a hankali, ta ratsa kunyoyin da ƙafa uku, hannu ɗaya a bayan ɗanta. Don kada a ce ba biri ba ce, ta tuge gyaɗa guda ta wuce da ita.

Da yamma Baba ya ga sawu, ya ga ramin gyaɗa, ya ga kare ɗaure da zariya. Ya tambaye ni. Na faɗa masa yadda aka yi, ban ƙara ko gishiri ba, abin har ya ba ni mamaki. Bai dake ni ba. Ya daɗe yana kallon kututturen, sannan ya ce in ɗaure wandona.

Bana kututturen ya yi toho, 'yan sirara, ko kurege ba za su ɗauka ba. Baba yana wucewa ta gindin kanyar da gatari a kafaɗa, bai taɓa su ba. Ban tambaye shi ko mantawa ya yi ba. Har yanzu ta ƙasa birinyar take ratsawa, ɗan yana biye da ita da ƙafarsa, ni kuma na samo wa kare igiya.