Tamfol ɗin Motar Baba

Motar Baba tsohuwar Pijo ce, irin mai buɗaɗɗen baya da ake ɗaura wa rumfar tamfol a kan ƙarafa, wadda mu a Madarunfa muke kira bashe. Da ita yake jigilar 'yan kasuwa zuwa Gabi da Safo, wani lokaci har Maradi. Injinta bai taɓa ba shi kunya ba, tamfol ɗin ne abin magana. Ban san asalin launinsa ba, don faci ya cinye shi: nan guntun tanti, can bakin buhu, ga wani yanki na tsohuwar rigar ruwa. Matan da ke kai kifin tafki kasuwa sukan tsokane shi, su ce in hadari ya taso gara ya sauke su su fake a gindin gawo, shi da ba ya da ko ganye da damina.

Ba a sauke tamfol ɗin a ɗinka a ƙasa. Baba ya ce ranar da aka kwance shi daga ƙarafan nan, ranar zai watse, ba mai iya mayar da shi. Saboda haka a bisa mota ake ɗinki, kuma sai da mutum biyu. Shi yana tsaye a waje kan benci, ya soka basilla, ni ina durƙushe a ciki in jawo ta, in mayar masa. Zaren na cikin tsohuwar taya ne, mu goga masa kakin zuma. Ba ya ganina, ba na ganinsa, sai dai kan basilla ya ɓullo kusa da goshina. Cikin nan kuwa ga zafi, ga ƙarnin kifi. Yayyena biyu duk sun yi wannan durƙuso kafin su tsallaka Najeriya, sai ya rage ni kaɗai ne namiji a gida.

Kakar da nake magana, raina ya riga ya bar garin. Wani abokina ɗan Gabi ya samo mini gurbin tuƙi a Kano, ya kuma gaya mini ƙarara cewa gurbin ba zai jira ni ba. An ɗaure gero, an cika rumbu, samari suna ta ɗaure kaya. Ko zama na yi sai in ji kamar tabarmar tana cizona. In tashi in je bakin tafki, in dawo, in je tasha in tsaya ina kallon motocin da ke nufar iyaka kamar wanda aka aika ya manta saƙon.

Da na sami Baba da maganar bai ce a'a ba. Da ma ya ce, da na san da abin da zan yi fama. Sai ya ɗaga kai ya dubi mota ya ce, "To, Allah shi sa albarka. Bari dai mu gama da tamfol ɗin ga, sai ka tahi."

Muka kama. Aikin da a da muke gamawa tsakanin hantsi da azahar, sai ga shi ya ƙi ƙarewa. Yau zare ya ƙare. Gobe kakin bai yi masa ba, sai an samo na wajen wani mai zuma a garin Sarkin Yamma. Jibi ranar kasuwa ce, mota ta fita, ƙayar aduwa ta ƙara wa tamfol sabon baki. In mun zauna kuma, ya soka basilla sai ya tsaya ba ni labarin ramukan hanyar Safo, ni ina ciki gumi yana shiga mini ido.

"Baba, turo ta mana!"

"Kai, gaugawar mi kake? Ɗumki ba a yi mai hushi."

Haushi ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Na kai ƙara wurin Inna, tana bakace, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kai da ubanka, ni mi nawa ciki?" Abokina kuma ya aiko cewa ranar kasuwar Gabi mai zuwa za su tashi, da ni ko ba ni.

Sai na yi dabara. Na sayar da waken gayaunata, na hau mota zuwa Maradi, na sayo sabon tamfol, irin na roba mai kauri, shuɗi, an riga an yanka shi daidai bayan Pijo, da ƙawanyoyinsa a jere. Na dawo da shi a kafaɗa ina jin kaina kamar wanda ya kashe kura. Maƙwabta suka taru a gindin bedi, wato dogon-yaro, ana ta sa mini albarka, wai ɗa ya share wa ubansa hawaye. Baba ya shafa robar da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa. Ya ce, "Wanga ba ya son ɗumki ko?" Na ce ko kaɗan, igiya kawai za a zura, mutum ɗaya ma ya isa.

"Mutum guda," in ji shi.

Muka kwance tsohon. Gaskiyar Baba ce, muna ɗaga shi ya rabu gida-gida a hannunmu, ƙura da ɓawon kifi suka zubo mana a kai. Kafin a kira azahar sabon ya hau, ya miƙe sumul ba ko tattara. Mutane suka watse. Baba ya tattara tsummokaran ya naɗe, ya soke basillar a jikinsu, ya tsaya riƙe da su yana dube-dube kamar mai neman wani aiki. Bai samu ba. Sai ya ce, "To, an gama. Sai ka tahi."

A nan ne na gane abin da muke ɗinkawa duk kwanakin nan, kuma zuciyata ta yi nauyi ƙwarai. Amma ƙafata ba ta fasa ba. Shi da kansa ya kai ni Gabi. Hanyar ta yi shiru, don babu facin da ke kaɗawa a bayanmu.

Na daɗe ban waiwayo gida ba. Aiki ya karɓe ni, yau Kano, gobe wani gari, kullum ina cewa sai bayan salla. Da na dawo, da rana tsaka na shigo unguwa da jakata. Tun daga nesa na hango motar a gindin bedi. Rana ta cinye shuɗin, robar ta tsage daga gaba har tsakiya. Baba yana tsaye kan benci, ya rame, ya kai fuskarsa dab da tamfol yana laluben inda zai soka. Na yi mamakin wa yake miƙa wa.

Na zagaya ta baya na leƙa. Inna ce durƙushe a ciki, ta cire kallabi ta shimfiɗa a ƙarƙashin gwiwoyinta, tana shafa rufin da yatsu don idonta ba ya ganin kan basilla. Ta juyo ta gan ni. Ba ta yi guɗa ba, ba ta kira sunana ba. Ta sa yatsa a baki, ta matsa gefe a hankali.

Na ajiye jaka na hau, na durƙusa inda ta tashi. Basilla ta ɓullo, na jawo ta da sauri na mayar. Basillar ba ta sake ɓullowa ba. Can muryar Baba ta zo ta cikin tamfol.

"Wanga hannu ba naki ba ne."