Jakar da Bakina Ya Ɗinka

Ɗana na fari ya dawo gida da faɗuwar damina, da wata doguwar jaka baƙa a bayan kabu-kabu. Ta yage tun daga baki har ciki, an naɗe ta da igiyar roba. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji yara sun ɗauki sowa a ƙofa, ban tashi ba. Mu nan wajen Dungas haka muka tarar, uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba ma zama hira ido cikin ido. Tun da aka yaye shi innata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, shi ya sa bai taɓa ce mini Inna ba. Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Duk garin nan an san bakina, ba namijin da nake ragawa in ya yi ba daidai ba, amma a gaban yaron nan harshena nauyi yake yi.

Ya daɗe ba ya gida. Cin rani ya fita, daga Kano ya wuce Yamai, daga can muka ji shi a Senegal. Abin da muka sani kawai yana aiki a bakin teku. Ni na ɗauka dakon kifi yake yi.

Washegari ya share tsakar gida da kansa, ya bi ƙasa yana tsince ƙaya da busasshiyar ƙarangiya, ya shimfiɗa tabarmi, sannan ya kwance kayan. Ya fito da wata lema ta yadi mara nauyi, wadda da ya hura mata iska da famfo ta kusa cika tsakar gidan. Ya fito da sanda mai dogayen igiyoyi, da ɗamara mai ƙugiya, da wani allo mai santsi da ya kai masa ƙirji, an yi masa wurin sa ƙafa. Ya ce sunan abin kayit. Mutum yana tsayawa a kan allon bisa ruwa, iska ta cika lemar, lemar ta ja shi. Da gadi ya fara a wurin da baƙi ke zuwa wannan wasa, ya koma mai hura wa baƙi lema, yanzu shi ne yake koya musu. Kayan nasa ne na kansa, wurin kuma rufewa yake in iska ta kwanta, shi ya sa ya taho da su.

Kakarsa ta dogara sanda ta zagaya lemar ta ce, "Angona, rumfar bikinmu ce ka kawo?"

Ya ce, "Ke tsohuwa, wa zai aure ki ba haƙori? Jirgina ne."

"Kai da malam ya gaji da bin ka a kan allo, yau ka samu wanda ake takawa da ƙafa."

Aka yi ta dariya. Ya kunna waya ya nuna musu, ni kuma na leƙa ta bayan kafaɗar mata. Na ga ruwa ba iyaka, da wani ɗan abu kamar ƙuda yana gudu a kai. Iska ta ɗaga shi sama, ta riƙe shi, ta sake shi. Aka ce shi ne. Na koma kan tankaɗena. Ni ruwan da na sani shi ne tafkin bayan gari, shi ma kafin bazara ya ƙafe. Kuma na zauna zaman makoki a gidajen da ɗansu ya shiga teku ta Libiya, aka yi ta karɓar gaisuwa ba gawa, ba kabari.

Na ce wa babansa yaron nan ba zai koma ba. Ya ce shi ya riga ya yarda, yaro ya samu sana'a. Na aiki innata ta faɗa masa. Ta dawo mini da amsa: ba zai taka ko'ina ba sai na ce ya je, amma da an gama girbi iska take tashi a can, in bai koma ba wani za a ba gurbinsa. Haka muka ci damina. Yana noma, ina kai abinci gona, kayan suna rataye a ɗakin kakarsa saboda gara da ɓera, ba wanda ya sake ta da maganar.

Da aka fara ɗaurin gero sai na ji yana gaya wa kakarsa zai je Magarya neman jaka, wai ko da za a ce ya tafi, tsohuwar jakar ba za ta kai shi ko tasha ba. In allon ya tsage a hanya ko ƙusa ta huda lemar, ya je a banza. Na ce ni ma ina da sayayya a Magarya. Sayayyata ɗaya ce: duk jakar da aka ɗauko in samo mata aibu. In ba jaka ba tafiya, iska ta tashi ta gama, ni kuma ban buɗe baki na hana shi ba.

Ya tafi da allon naɗe a tabarma don gwaji. Muka sami wani mai jakunkuna, saurayi mai bakin ciniki. Ya fara ɗauko irin mai ratsi-ratsin nan ta 'yan kasuwa. Ban dubi yaron ba, mai jakar na fuskanta.

"Ɗan nan, wannan ta zannuwa ce. Kaifin allon nan zai fasa ta kafin a fita gari."

Ya ɗauko akwati mai taya, ya ja shi a kan siminti yana ƙara.

"A gidanku siminti ne har gona? Ja shi cikin yashin can in gani. Kuma ta ina allon zai shiga, ko sara shi za a yi biyu?"

"Inna, to ga ta gwanjo, ta sojan Turawa. Wannan ko jikanki ya gaje ta."

Doguwa ce, allon ya kusa shiga. Na ga idon yaron ya tsaya a kanta. Na karɓa na juya ta. Na ce ba ta da komai a ciki, fata ce kawai. Yaran mota ba ajiye kaya suke ba, jefawa suke, su ɗora buhun wake a kai, su take da ƙafa su ja igiya. Dole gefen allon da bakinsa su sami abu mai taushi. Na ja hannun jakar na nuna masa a leɓe kawai aka ɗinka shi, ɗauka ɗaya zai tsinke. Hannun kirki zagaya kaya yake ta ƙasa, kamar majayin jaki. Na ce ciki ba maɗauri, sanda da famfo za su yi ta gogar lemar har su cinye ta. Na ce zif ɗin siriri ne, yashi na shiga ya mutu, in kuma ya mutu a tsakiyar hanya da me za a rufe?

Mai jakar ya share gumi ya ce, "Inna, jakar da kike faɗa ba a yi ta ba tukuna."

"To ka gani."

Na gyara mayafi zan wuce, sai na ji murya daga rumfar gefe. Wani dattijo ne mai ɗinkin kujerar moto da tamfol, yana zaune a bayan wani tsohon keke mai kauri. Ashe tun ɗazu ya tsayar da aiki yana saurare.

"An kusa yi," in ji shi. "Soson katifa a gefe da baki. Ƙasa ninki biyu. Ba taya. Hannu ya zagaya ta ƙasa. Maɗauri a ciki. Babban zif da marfi a kansa saboda yashi, da huji-huji na igiya ko da zif ya mutu. Na manta wani abu?"

Kafin in buɗe baki ya ƙara da cewa:

"Kin gama ɗinka ta da baki, baiwar Allah. Saura ni in bi da zare."

Mai jakar ya tuntsire da dariya. Yaron ya sunkuyar da kai, amma na ga kafaɗarsa tana rawa. Da zan iya cewa duk abin da na faɗa ba haka ba ne, amma haka ne, kowanne. Kuma ban taɓa faɗin magana a kasuwa na dawo na lashe ta ba. Na ja benci na zauna. Dattijon ya miƙo mini alli ya ce in zana masa. Ni da ban riƙe alli ba sai da na aurar da 'ya, a ajin yaƙi da jahilci, na durƙusa na zagaye allon a ƙasa, na bar wurin soso, na nuna inda lemar za ta kwanta a kai, sanda da famfo a gefe cikin aljihunsu.

Ya shiga ciki ya fito da tamfol sabo, mai kauri, fari tas. Ya ce wannan ya fi duka, ba ya ɗaukar zafi.

Na ce, "Mayar."

"Ki taɓa ki ji."

"Doguwar aba fara, kusan tsawon mutum, a ɗaure ta a fitar da ita ta ƙofar gidana? Mayar, na ce."

Dattijon ya naɗe tamfol ɗin a hankali ya tura shi ƙarƙashin tebur. Yaron ya daɗe yana kallon zanen da ke ƙasa, sannan ya matsa ya tsuguna a gaban keken, ya ba ni gefe.

"Baba, ka san inda nake aikin nan, ba tsakiyar teku ba ne. Wani lungu ne da yashi ya tare, yawancinsa ruwan iya ƙugu. Akwai riga da ake sawa, ko mutum ya suma ba ya nutsewa. Akwai wani abu a jikin ɗamara, in ka tura shi lemar ta saki iska ta faɗi. Akwai kwalekwale mai inji da yake tsaye yana kallonmu."

Dattijon ya ce, "Ni kake gaya wa?"

"Kai nake gaya wa, Baba."

"To ci gaba."

"Ban ce ba a jin ciwo ba. Na taɓa karya yatsa, na ga wanda iska ta maka da ƙasa aka kai shi likita. Amma ranar da iska ta haukace ba na shiga, ko wa ya ce in shiga. Kuma ban taɓa hawa jirgin masu tsallakawa ba, ba zan hau ba."

Dattijon ya juyo. "Baiwar Allah, kin ji abin da aka gaya mini?"

"Ban kurmance ba."

Da ya ce mini ba abin da zai same shi, da a nan na tashi na kama hanyar gida. Yatsan nan da ya ambata shi ya zaunar da ni. Na dube shi da kyau, abin da ban saba ba, na ga ƙaramin yatsansa na hagu a karkace. Damina guda yana cin abincin hannuna ban lura ba.

Na ce wa dattijon, "Kana da ruwan goro? Wanda ake hangowa daga nesa."

Yana da shi, ragowar rumfar wani mai shayi. Na sa ya wanke shi kafin ya yanka.

Ranar kasuwa ta gaba muka koma karɓa. Na sa aka zuba kayan duka a ciki, na ce wa wani ɗan dako ya ɗaga ta ya jefar yadda suke yi a tasha. Ya jefar. Yaron ya runtse ido. Aka buɗe, allon lafiya. Na sami wuri ɗaya da zare ya yi tsalle na sa aka sake bi. Yaron ya ɗaga ta ya ce ta yi ɗan nauyi, a filin jirgi awo ake yi, sai dattijon ya rage soson tsakiya ya bar na gefe. Ya kawo fenti ya ce a sa suna, tunda ni na iya rubutu in rubuta. Na ce hannuna ma yana da kunya. Mai sunan ya rubuta abinsa.

Muka dawo gida da jakar. Aka gama kai gero rumbu. Wata safiya na fito na tarar da jakar jingine a bakin ɗakin kakarsa, shi kuma yana zaune a kan turmi da takalmi a ƙafa. Bai kira mai kabu-kabu ba. Jira yake.

Na aiki yarinya ta kira mai kabu-kabu. Da ya zo ya fara ɗaure jakar a gicciye, na ce zai kwashe mutane da ita a hanya, ya juya ta. Na karɓi igiyar na ja da kaina. Ina ja, ina kallon ƙullin, na ce, "Ka je. Allah ya tsare gabanka da bayanka. Allah ya yi maka albarka."

Ya ce, "Amin, Yaya."

Kakarsa ta ce, "Ni fa? Haka za ka bar amarya?"

"In na dawo da haƙoran roba a ɗaura."

Har yau ban so aikin nan ba, kuma ba na kallon abin da yake turowa a waya. In ya kira, da kakarsa yake hira, ina gefe ina aikina. Sai sun kusa gamawa nake cewa ta tambaye shi jakar tana nan lafiya, ba inda ta yage?

"Ki tambayi mai jakar mana," in ji ta.

"Jakar na ce."

Ta kan kara wayar a kunne ta yi ta gyaɗa kai, sannan ta ce, "Wai tana nan lafiya. Tana cin abinci, har ta yi ƙiba."