Na kai Baba Garwa neman gafara

Mun tashi daga Maiganga ana kiran assalatu, ni da Baba, a bayan wani kamiyo, babbar motar kaya, mai ɗauke da buhunan garin rogo. Wata guda ke nan ya hana ni sakat, sai na kai shi Garwa ya roƙi yayansa gafara tun da sauran numfashi. Shekara goma sha tara ba su yi magana ba. Ranar da Baba ya bar teburin fawar gidansu ya koma fataucin shanu, a tsakiyar kasuwa ya ce shi ba zai tsufa yana warin jini kamar wasu ba. Baffa, yayan nasa, ya ci gaba da yankan namansa. Iyakar faɗan ke nan.

Kafin Ngaundare sau uku jandarmomi suka tsayar da mu duba takardar tafiya. Ɗaya ya riƙe ta Baba kai a ƙasa, ya daɗe yana gyaɗa kai kamar alƙali, sannan ya ce mu wuce. A tasha Baba ya yi ta mitar tsadar kindirmo, amma ƙwarya biyu ya sha. Gangaren dutsen da ke gaba kuwa, addu'ar fasinja ta fi birkin motar aiki. Muka kwana a hanya, kashegari da hantsi muka haye gadar Binuwai, zafin Garwa ya tarbe mu.

Baba ya shige gaba da sandarsa yana ba ni kwatance: a wuce kwata, a miƙe arewa, sai wata tsamiya babba, gidan yana gindinta. Muka yi ta tafiya, ba tsamiya, ba gida. Shingen waya muka tarar, ya miƙe iya ganin ido. A cikinsa kwalta ce shimfiɗe, da manyan rumfunan kwano, da jiragen yaƙi masu ruwan toka a jere.

Muka komo kwata. Wani tsohon mahauci ya ƙura wa Baba ido, ya ajiye wuƙa.

"Kai ne ƙanin Sarkin Fawa? Wayyo. Ka makara, ɗan'uwa. Daminar da ya rasu, da kaka aka tashi unguwar. Gwamnati ta yi yarjejeniya da Turawa, su ajiye jiragensu su tsare mu. Maƙabartar ma tana ciki."

Ya ce an aika wa Baba da saƙo ta hannun fatake, bai dai iso ba. Ya rage murya ya ƙara da cewa a rumfunan nan, in ji mutane, akwai irin bom ɗin da aka gwada a Sahara, wanda iskarsa kaɗai ke kashe shanu. Ba wanda ya gani da idonsa, amma kowa a Garwa da tsoronsa yake tashi.

Baba bai yi kuka a nan ba. Ya ce mu koma bakin shingen.

Sojan da ke bakin ƙofa ɗan ƙasa ne, da Fulatanci ya gaishe mu. Na yi masa bayani, na roƙe shi ya bar tsoho ya tsaya a kan kabari ko na minti biyar.

"Wallahi Baba, ba hanya," ya ce. "Ni kaina iyakata nan. Ko kumandan garin ya zo, sai ya nemi izinin masu jiragen."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ƙasar kakanninmu, muna da tuta muna da 'yanci, amma gaida mamacinmu sai da yardar baƙo. Sojan ya ga fuskata. Ya bi da mu gefen shingen, ya nuna wani fili da aka baje, ciyawa ta rufe shi, ya ce a iya saninsa wajen ne. Ya juya baya ya ba mu wuri.

Baba ya cire takalmi. Ya kama wayar da hannu biyu, ya yi wa mutanen kabari sallama. Sannan ya ce, "Yaya, ni ne."

Daidai nan wani jirgi ya tayar da inji. Ƙasa ta ɗauki rawa, ƙarar ta cika kunne har cikin haƙori. Ina ganin bakin Baba yana motsi, hawaye na bin gemunsa, bai tsaya ba. Kafin jirgin ya ɓace sama Baba ya gama, ya shafa fatiha.

A hanyar dawowa bai yi mitar komai ba, ko kindirmon Ngaundare bai kalla ba. Ni dai abin da na ɗauko a tafiyar nan biyu ne: manya kan sa hannu a takarda a birni, nauyin ya sauka a kan wanda bai san an yi ba, kuma mai neman gafara kada ya jira baɗi.

Da muka shiga gida Maiganga, ina cire masa takalmi, ya riƙe hannuna.

"Kana ganin ya ji?"

Na ce, "Ya ji, Baba."

Allah Ya yafe mini. Kafaɗata tana jikin tasa a bakin shingen nan, kuma ko kalma ɗaya ban ji ba.