Gidan da Mai Ja Ya Tsallake

Aikina a sakatariyar ƙaramar hukuma shara ce. Ni ke share zauren majalisa kafin kansiloli su zauna, ni ke kwashe robobin ruwa bayan sun tashi. Ba wanda ke rage murya don mace mai tsintsiya, shi ya sa abin da kunnena ya kwasa a zauren nan ya fi abin da kwandona ya kwasa. A nan na san mutumin da yanzu kowa ke kira Mai Ja. Ɗakin da nake ajiye tsintsiya da ɗakin fentinsa bango ɗaya ya raba su, kuma bangon bai kai rufi ba.

Ɗan siririn mutum ne, gajere, mai ƙarancin magana, ƙumbarsa kullum da ragowar fenti. Kafin a laƙaba masa wannan suna, mai rubutun allo ne na hukuma. Shi ya rubuta sunan asibitin unguwa, shi ya rubuta lamba a jikin motar shara, shi ya rubuta duk allon da ke cewa kada a zuba shara a nan. Nakan tsokane shi in ce duk inda ya kafa allonsa nan juji ke tashi, gara ya rubuta a zuba ko a samu sauƙi. In aka yi sabon ciyaman, allon tsohon yake saukowa da shi, ya shafe suna ya rubuta sabo. Ba ya ƙin kowa a cikinsu, ba ya kuma son kowa. Abin da ya dame shi layi ya miƙe.

Mutum ɗaya gare shi a duniya da yake rawar jiki a kanta, yayarsa. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma injin niƙanta ne ya ɗauki nauyinsa har ya koyi sana'a. Gidanta yana gangaren gari, inda ƙasa ke sauka. Injin yana ɗakin ƙofar gida, marigayi mijinta ya kafe shi da kusoshi cikin siminti tun suna da ƙuruciya. Mai Ja yana da mata da 'ya'ya, gemunsa ya fara furfura, amma ita har yau Auta take ce masa, kuma in azahar ta yi can yake tafiya cin abinci. Ni ma can nake kai niƙa, da haka muka saba da ita, ni ma Yaya nake ce mata.

Sai damina ta sauya hali. Ta riƙa makara har manoma su fidda rai, in kuma ta zo sai ta juye ruwan wata guda a yini ɗaya. Shekarar da ruwa ya shiga gangare ya kai ƙugun manya, aka tsinci awaki a kan katanga, aka kwana biyu ana neman wani tsoho, a shekarar ce kalmar sauyin yanayi ta shigo zauren majalisa. Tun daga nan ban ƙara share zauren nan ba tare da na tsinci karyayyar kujera ko murfin biro da aka tauna ba.

Ɓangaren ciyaman suka ce a haƙa babbar magudana daga saman gari ta ratsa gangare har rafi, a rushe duk gidan da ke kan hanya, a ba masu shi fili a kan tudu. Akwai masu tallafi daga waje da za su sa hannu. Ɗaya ɓangaren suka ce ba magani a asibiti, famfo ya bushe, motar shara ta mutu, da wane ido za a kalli jama'a a ce rami za a haƙa musu. Abin da ke ba ni haushi shi ne duka biyun gaskiya suka faɗa, kuma ba wanda ya faɗe ta don Allah. Ranar ƙuri'a kansilan gangare, wanda maganar ta fi shafa, ya tashi kama ruwa bai dawo ba sai da aka gama ɗaga hannu. Magudana ta ci da ƙyar.

Safiyo mai awon ƙasa ya bi gangare yana kafa turaku. Bayansa da 'yan kwanaki aka ba mai rubutun allo gwangwanin jan fenti, aka ce duk ƙofar da ya ga turke ya yi wa bangonta alama. Shi kaɗai aka tura, don ba wanda ke son a gan shi a wurin.

Wani da sai ya watsa fentin ya yi gaba. Shi kuwa sai ya yi sallama, ya jira maigida ya fito, ya tambaye shi wane bango yake so a taɓa. Ya share ƙurar wurin da tsumma, sannan ya ja layukansa biyu a tsanake, kamar sunan makaranta yake rubutawa. Wannan ladabi ya fi zagi ƙona wa mutane rai. An watsa masa ruwan wanke-wanke, an sakar masa kare, yara suka riƙa binsa suna kiran Mai Ja, sunan ya bi shi har ofis. Maganar filin tudu kuwa ba wanda ya yarda da ita, har shi. Mun sha jin alkawarin hukuma.

Wata safiya na ji shi ta saman bango yana wanke buroshi fiye da yadda ya saba. Na leƙa.

“Lafiya, Mai Ja? Za ka cinye gashin buroshin.”

Ya dubi ƙofa, ya rage murya. “Akwai turke a ƙofar Yaya.”

“To?”

“Na cire. Na yi wa na dama, na yi wa na hagu, nata na wuce.” Ya matse buroshin. “Da wane hannu zan yi? Injin nan shi ya sa na iya riƙe wannan abin. In an rushe, ina za ta kai shi? Tudun da ba za a bayar ba?”

Na ce masa naka sai naka, amma ya tuna ruwa bai yi makaranta ba, ba ruwansa da alama. Ya yi 'yar dariya, ya ce aikin ma ba za a yi ba, ihu ne kawai na 'yan siyasa. Ni ma a lokacin haka na zata.

Sai hukuma ta yi abin da ba ta saba ba, ta cika alkawari. Zaɓe ya matso, masu tallafi kuma sun zuba ido. Kwamiti ya zagaya gangare yana ɗaukar hoton kowane bango mai ja da mai gidan a tsaye a gabansa, aka raba filaye a kan tudu, aka turo motocin kwasar kaya. Waɗanda suka sakar wa Mai Ja kare suka koma gaishe shi a hanya. Katafila ta shigo, direbanta ja kawai yake nema. Ta cinye na dama, ta cinye na hagu, ta zagaye gidan Yaya ta wuce. Da ƙura ta lafa, gidan ya rage shi kaɗai a tsakiyar fili kamar haƙori ɗaya a bakin tsohuwa.

Da farko Yaya har alfahari ta yi. Duk wanda ya kawo niƙa sai ta ce masa ita tana da mutum a sakatariya. Amma masu niƙan suka riƙa raguwa, don maƙwabtan duk sun hau tudu. Ana cikin haka magudana ta taso daga saman gari, faɗinta ya isa mota ta bi, an shafe ta da siminti ciki da baki. Ta gangaro tana haɗiye ƙananan lambatu ɗaya bayan ɗaya, har ta iso inda in ka tsaya a ƙofar Yaya ka yi jifa dutsenka zai faɗa ciki. A nan zaɓe ya same ta.

Ciyaman ya faɗi. Wanda ya hau shi ne jagoran masu cewa asibiti da famfo. A zamansa na farko ya ce magudana aikin wancan ne, a dakatar, a bincika. Aka rushe kwamitin tudu, masu tallafi suka naɗe hannu. Ba zan yi masa ƙarya ba, magani ya dawo asibiti, famfonmu ma yana ɗan tsiyaya da safe. Katafila kuwa aka bar ta a bakin ramin, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Mai Ja ya sauko da allon, ya shafe suna ya rubuta sabo, amma a karon nan na ga layinsa ya karkace.

Ba sai injiniya ya yi wa mutum bayani ba. Da can in ruwa ya sauko, lungu-lungu yake rarrabuwa, kowane gida ya sha rabonsa. Yanzu an tattara ruwan rabin gari a maƙogwaro ɗaya, an rushe duk abin da ke rage masa ƙarfi, an bar bakinsa yana kallon bangon mace ɗaya.

Mai Ja ya je wurin kansilan gangare, wanda ya sake cin zaɓe a rigar sabuwar jam'iyya. Ina goge tagar ofishin, na ji komai.

“Ranka ya daɗe, gidan yayata ne. A taimaka a ba ta fili a tudu kafin ruwa ya sauka.”

“Yana da alama?”

“Babu.”

“To ai ba ya kan hanyar ruwa ke nan. Kai da kanka ka yi aikin.”

Mai Ja ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya faɗi gaskiya, bai rage komai ba. Kansila ya tashi ya tura ƙofa.

“Malam, ban ji ba, kai ma ba ka faɗa ba. In maganar nan ta fita, masu mulkin yanzu za su samu abin dukan tsohon ciyaman, kai ka rasa aikinka, ita kuma ko taku ɗaya na fili ba za ta samu ba. Ka yi haƙuri. Za mu duba bayan damina.”

A zama na gaba ma haka na ji sun ce, bayan damina. Aka wuce zuwa maganar sayen sababbin kujeru.

Gargaɗin farko da rana tsaka ya zo. A gangare ko ɗigo bai sauka ba, rana tana dukan ƙofar Yaya, can saman gari ne aka yi ɗan yayyafi. Sai ga ruwa ya fito daga bakin magudana ba sallama, jaja-jaja, ɗauke da tsohuwar taya da takalma wari-wari. Ya daki bango, ya shiga ɗakin inji har idon sawu, ya bar laka ya wuce. Tun daga ranar Mai Ja ya daina cin abincin kirki. In ya ji an ja kujera da ƙarfi a zaure sai ya fito ya dubi sama. Tausayinsa nake ji, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba.

Ya roƙe ta ta koma gidansa, ba sau ɗaya ba. Ta ce ita da ta goya shi ba za ta je ta kwana a falonsa tsakanin takalman yara ba, kuma inji ba ya cirowa sai an fasa simintin da mijinta ya zuba da hannunsa.

Ran nan da la'asar na ɗauki niƙana muka gangara tare, yana riƙe da gwangwani a leda. Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak. Muka sami Yaya tana kankare busasshiyar laka daga ƙafafun inji. Ya durƙusa ya gaishe ta, bai tashi ba.

“Yaya, akwai maganar da ban faɗa miki ba. Safiyo ya kafa turke a ƙofarki. Ba wai gidanki ya tsira ba ne. Ni na cire.”

Ba ta ɗago ba. “Na sani, Auta. Ina bayan taga ranar. Na ga ka cire ka cusa a aljihu kamar ɓarawon rake.”

“Kika yi shiru?”

“Ni ma abin da nake so ke nan. Kada ka ɗauki kayan nan kai kaɗai, tare muka ɗaure shi.”

Ya fito da gwangwanin. Ba na hukuma ba ne, a kasuwa ya saya. Ya ce ta bar shi ya yi alamar yanzu, wataƙila wani ya wuce ya gani, wataƙila a sake kafa kwamitin. Mu duka ukun mun san ba mai wucewa ta nan sai kaji. Ta dube shi, ta dubi gabas, ta goge hannu a zaninta muka fito waje.

Ya tambaye ta wane bango take so, kamar yadda ya tambayi kowa. Ta nuna wanda ke kallon magudana. Ya share wurin da tsumma daidai ƙirjinsa, ya tsoma buroshi.

“Ba nan ba,” in ji ta. “Hau durom ɗin can.”

Ya jawo durom ya hau, na riƙe masa.

“Ƙara sama, Auta. Inda ruwa ba zai kai ba. In sun zo nema, su san nan ne.”

Ya miƙa hannu har ƙarƙashin kwano ya ja layukansa biyu, suka miƙe sarai. Iska mai sanyi ta taso daga saman gari, kajin suka fito daga ƙarƙashin katafila suka watse. Yaya ta karɓi niƙana ta shiga, na ji injin ya tashi.

Da na fito da garina na ce masa mu tafi kafin ruwa ya sauko. Yana zaune a dokin ƙofa ya cire takalmansa ya ajiye gefe.

“Ki biya ta gidana,” ya ce, “ki ce wa uwar yara ta aiko mini da tabarma da bargo. A nan zan riƙa kwana har damina ta wuce.”

Na isar da saƙon. Damina kuwa yanzu ta fara.