Da Bakina Na Ƙara wa Mijina Wata Huɗu a Gidan Yari

A lokacin da abin nan ya faru ni mace ce mai ji da kanta, Edita. Shekaruna arba'in da 'yan kai, 'ya'yana biyar, kuma ni ce shugabar zumuntar mata a cocinmu, a wani ƙauye kusa da Kwoi. Citta muke nomawa ni da maigidana. Kowa ya san ni da saurin baki, kafin a gama tambaya na riga na ba da amsa, ni kuma gani nake wayo ne. Maigidana kuwa mutum ne mai sanyi, ko akuya ce ta shiga masa gona lallaɓa ta yake yi ta fita. Muna zaune da mahaifiyarsa, tsohuwa ce da idanunta suka daina gani, ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Mama nake ce mata, ita kuma tana tsokanata da sunan rediyon gida.

Ana tsakiyar damina faɗa ya kaure kan iyakar gona tsakanin wasu gidaje biyu. Maigidana da hedimastan makarantarmu suka je rabawa, amma kafin abin ya lafa an fasa wa wani kai har an kwantar da shi a asibiti. Bayan kwana biyu wasu mutane suka zo a kan mashin cikin kayan gida, suka tambayi gidanmu da fara'arsu, wata maƙwabciya ta nuna musu da zuciya ɗaya. Ashe 'yan sanda ne, a gabana suka tafi da maigidana. Ranar Alhamis a taron zumunta na miƙe na ce daga yau duk baƙon da ya tambayi gidan wani namiji a garin nan, mu ce ba mu san shi ba. Har tafa mini aka yi.

Da aka kai maganar kotu a Kafanchan, lauyanmu ya ce irin wannan shari'a tana iya cin shekaru, don haka beli za mu fara nema. Ya ce alƙali zai duba girman laifin da ake zargi, da ko mutum zai gudu, da ko zai je ya razana masu shaida. Allah ya taimaka alƙali ya yarda, da sharaɗin a kawo mutum biyu su tsaya masa, ɗaya ya zama ma'aikacin gwamnati mai gidan kansa. Hedimasta ya ce shi zai tsaya, na biyun kuma wani Alhaji ne da ya daɗe yana sayen cittarmu a kasuwa. Ni dai da na ji an ce an ba da beli, sai na yi waje da waya a kunne don a gaya wa Mama. Lauya yana kira, Madam ki tsaya akwai sauran bayani, ina, na yi nisa.

Sauran bayanin shi ne kotu za ta aiko mutum ya ga gidajen masu tsayawar da idonsa. Ban sani ba, don ban tsaya na ji ba. Wata safiya muna bakin famfo sai ga wani a kan mashin da fayil a hannu, ya gaishe mu, ya tambayi gidan hedimasta da cikakken sunansa. Na ce a raina sun dawo ɗaukar bawan Allah saboda shi ma yana wurin faɗan. Ko ƙifta ido ban yi ba na ce ai tun bara ya koma Jos. Matan da ke wurin suka mara mini baya, wata har ta ƙara da cewa an sayar da gidan. Ga kuwa kwanon gidan nan a bayanmu yana ƙyalli. Mutumin ya rubuta, ya yi godiya, ya juya. Na koma gida ina fahariya wai na ceci hedimasta, Mama har ta sa mini albarka.

Ranar da aka koma kotu na je da sabuwar rigar da na ɗinka wa maigida. Sai aka karanta cewa an je ƙauyen, mutanen gari sun tabbatar mai tsayawar ba ya nan. Ran alƙali ya ɓaci, ya ce in wanda zai tsaya wa mutum ya yi ƙaryar inda yake kwana, wa kotu za ta kama in wanda ake zargi ya ɓace? Ya ƙi karɓar hedimasta, ya ce a nemo wani. Hedimasta yana ta rantsuwa shekara talatin yana cikin gidan nan. Ni kuwa nan take na gane ko wane ne mai mashin. A nan na yi kuskuren da ya fi na farko: ni da ba na iya yin shiru, ranar na yi gum. Kunya da tsoro suka riƙe mini baki, ina kallo aka mayar da mijina cikin mota.

Labari ya bazu, duk ma'aikacin da muka je wa sai ya noƙe. Aka yi ta ɗaga shari'a, har muka haƙe citta babu shi. Mama kuwa in ta ji ƙarar mashin sai ta ɗago kai ta tambaya ko shi ne. Jikinta ya fara rauni, abinci sai da lallashi, kullum tana cewa ita dai ta shafa fuskar ɗanta. Wata rana ina ba ta kunu na kasa daurewa, na durƙusa na faɗa mata komai ina kuka. Ta lalubo fuskata ta share mini hawaye, ta ce ta ji rediyonta ya mutu kwana biyu, ashe abin da ya kashe shi ke nan. Ta ce in tashi in je in gaya wa lauya tun rana ba ta yi ba.

Lauya ya riƙe kai, ya ce da na yi magana tun ranar da cikin mako biyu an gyara. Ya sa na yi rantsuwa a takarda, kotu ta sake aiko mutumin nan, ni da kaina na kai shi har ƙofar hedimasta. Amma hutun Kirsimeti ya riga ya shigo. Mama ta rasu saura kwana goma sha biyu a saki maigidana, aka binne ta ba ya nan.

Da ya fito, kabarinta ya fara zuwa. Na tsaya daga nesa ina jiran ya ce in tattara kayana. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya yafito ni. Ya ce hedimasta ya gaya masa komai, kuma ya san ƙauna ce ta sa na yi ƙaryar, shirun da na yi ne kawai ya yi masa ciwo. Ya kama hannuna ya ce mu je gida, yunwa yake ji. Har yau shari'ar ba ta ƙare ba, duk zama tare muke zuwa, kuma in baƙo ya tsaya da mashin sai maigida ya ce a kulle Madam a ɗaki tukuna. Ina dariya, amma abin yana sukata.

'Yan'uwana mata, in naku ya shiga hannu, ku tsaya ku ji bayanin lauya har ƙarshe. Ku tambayi baƙo daga ina yake kafin ku kore shi, in kuma kun yi kuskure ku faɗa a ranar, kada ku bari ya kwana. Ni an yafe mini, mai rai da wadda ta tafi duk sun yafe. Amma rigar nan da na ɗinka tana nan a akwati, ya ƙi sawa, ya ce don ya je gaban Mama aka ɗinka ta.