Orfilia da Tirelolin Rake

Tun tana budurwa Orfilia Carabalí take soya kifi da ayaba a bakin kwanar titi, a wani ƙauye na arewacin lardin Cauca da gonakin rake suka yi wa ƙawanya. Ƙatuwar mace ce mai murya, idan ta yi dariya har ƙofar coci ana ji. Mijinta Evaristo saran rake yake yi, kuma 'yarsu ɗaya ce, Yurani.

Hanya biyu ce daga ƙauyen zuwa makaranta. Akwai siririyar da ta ratsa cikin rake, ita ce ta kusa. Akwai kuma kwalta, inda tirelolin kamfanin sukari suke zarya, kowacce tana jan bodi bayan bodi. Shekarar da Yurani ta shiga aji huɗu aka tsinci wata yarinya a cikin raken, kayan makarantarta a yayyage, baki a fashe. Ba a kama wanda ya yi ba. Daga nan masu hali suka ɗaukar wa 'ya'yansu ɗan acaɓa, wasu kuma suka ajiye 'yan matansu a gida.

Evaristo ya ce, "Ta zauna ta taya ki suya mana. Karatun nan dole ne?"

"Dole ne," in ji Orfilia. "Kai da ba ka yi ba, dubi tafin hannunka kamar bayan kada. Keke zan saya mata ta bi kwalta. Tirela ina ganinta da idona, ɗan iskan da ke laɓe cikin rake fa?"

Ta sayo wani tsohon keke ja. Kullum da safe yara sukan jera a gefen titi, Orfilia tana daga bakin kasko tana ƙwala kira, "Ki riƙe gefe, mai kunnen ƙashi!" Yurani takan saki hannu ɗaya ta ɗaga mata, don tsokana kawai.

Ranar da abin ya faru man suya bai gama zafi ba. Tirela ta shigo kwanar ba ta rage gudu ba, bodin ƙarshe ya yi wutsiya ya sharo keken. Orfilia ta ji ƙarar ƙarfe, ta ga jan abu yana birgima a ƙarƙashin taya. Da matsamin suya a hannu ta isa wurin. Yurani na kwance, ƙafar hagu daga gwiwa zuwa ƙasa ta dagargaje, idonta a buɗe, tana tambayar ina jakarta.

Masu saran rake da ke jiran motar gona suka tare tirelar da duwatsu. Suka fasa gilashi, suka jawo direban ta taga. Wani ramammen dattijo ne, yana ta ihu, "Ban gan ta ba! Na rantse da Budurwa Maryamu ban gan ta ba!"

"Yanzu za ka gani!" in ji wani, ya tokare shi da takalmi a haƙarƙari.

Orfilia ta bar 'yarta a cinyar maƙwabciyarta Nubia, ta kutsa cikin mazan. Suka dare mata. Ta ɗaga matsamin ƙarfen ta sauke masa a baki, haƙora suka zubo a kan kwalta. Ta sake saukewa a ido, ta sake, har mariƙin ya lanƙwashe. Ba ta jin ihunsa, ba ta jin komai. Wani saurayi ya zare adda ya tsaya a kan mutumin.

Muryar Nubia ce ta ratsa hayaniyar. "Orfilia! Ke mahaukaciya ce? 'Yarki jini take zubarwa, ke take kira!"

Ta yar da matsamin. Ta ture saurayin da kafaɗa, ba don tausayin direban ba, don dai ya tare mata hanya ne. Ta yage bakin rigarta ta ɗaure cinyar Yurani tamau, ta sungume ta ta jefa kanta gaban wata motar madara har ta tsaya. Suna barin wurin aka cinna wa tirelar wuta. Ƙaurin sukari ya rufe ƙauyen, kafin azahar 'yan sanda suka iso da barkonon tsohuwa da kulake, suka fasa kan mutane da dama, har da Evaristo da ya baro gona a guje.

A wani asibiti a birnin Cali aka yanke ƙafar. Direban ya rayu, amma idon ya tafi. An tsare Orfilia na 'yan kwanaki, aka sake ta da matan ƙauyen suka zauna a ƙofar caji ofis suka ƙi tashi.

Kowa ya ɗauka karatun Yurani ya ƙare. Evaristo ne, wanda da ya ce ta zauna a gida, ya haɗa keke mai taya uku da kujera a gaba, yake kai ta kafin ya wuce gona. Ita kuwa Orfilia ta daina kunna wuta da sassafe. Takan shiga tsakiyar kwalta, yaran ƙauyen a bayanta, ta taka a hankali har ƙofar makaranta. Tireloli sukan jeru suna ta hon. Idan direba ya leƙo ya zage ta, sai ta tsaya cak ta juyo. "Sauko mana, ɗan uwa, sauko mu gaisa!" Ba a taɓa samun wanda ya sauko ba. Iyayen da suka ɓoye 'ya'yansu suka soma sako su ɗaya bayan ɗaya.

Yurani ta gama sakandare, yanzu ɗinki take koyarwa a Puerto Tejada. A kasuwar garin ne Orfilia ta taɓa hango dattijon direban nan zaune a kan benci yana sayar da tikitin caca, fuska a karkace, ido ɗaya a lotse. Ta daɗe a tsaye da kwandon kifi a ka. Bai gane ta ba, har miƙo mata tikiti ya yi. Ta girgiza kai ta wuce, kuma ba ta gaya wa kowa a gida ba sai bayan shekaru.